Masara Mai Taurari Uku

A ƙarshen dogon barandar cibiyar binciken noma akwai wani ɗan ofishi mai taga ɗaya, da fankar sama da ke juyawa tana nishi kamar mai ciwon haƙori. A nan wata mata ta ƙarar da ƙuruciyarta, tun tana 'yar siririya mai tsoron gaida manya har ta kai ga sa tabarau. A wurin aiki Mai Taurari ake ce mata. A gidansu kuwa Auta ce, don daga ita mahaifiyarsu ba ta sake haihuwa ba. Mu ma bari mu riƙe Autar, ta fi daɗin faɗa.

Aikinta lissafi ne. Ba ta huɗa, ba ta shuka, takalminta ma ba ya ganin laka. Ma'aikatan fili ne ke zagaya gonaki da sikeli, su auno abin da kowace gona ta bayar, su kawo mata lambobi cike da kwali. Ita kuma sai ta zuba su a kwamfuta ta yi musu tambaya guda: wannan bambancin da ake gani tsakanin sabon iri da tsohon iri, na gaske ne, ko kuwa dace ne kawai, irin na manomin da ruwa ya fi sauka a gonarsa? In kwamfuta ta ga da wuya a ce dace ne, sai ta ɗiga wani ɗan tauraro a gefen lambar. In ta ƙara gamsuwa, ta ɗiga biyu. In abin ya kai inda ba sauran gardama, uku.

To, a sashen nan taurarin su ne komai. Ranar da uku suka fito, wanda aikin yake nasa sai ya sayo wa kowa lemo mai sanyi, har masinja, a tsaya a baranda ana sha ana yi masa kirari. Lambar da ba ta samu tauraro ba kuwa, sai a tura ta can shafukan ƙarshen rahoto, a buga ta da ƙananan baƙaƙe, inda ba mai karatun da ke kaiwa. Mutanen sashen suna kiran shafukan nan maƙabarta. "Wannan a kai ta maƙabarta," haka ake faɗa, ana dariya. Auta da hannunta ta binne lambobin da ita ma ba ta san iyakarsu ba, kuma ba ta taɓa rasa barci a kan ko ɗaya ba.

Aikin ya shiga jininta har ya bi ta gida. Ba ta faɗin abin da ba ta da hujja a kansa. Ka ce mata yau za a yi ruwa, sai ta leƙa sama ta ce, "Ba a tabbatar ba." Mijinta tela ne, mutum mai barkwanci da ke da shago a bakin titinsu, kuma ya mai da wannan kalma abin tsokana.

"Madam, yaron nan da ni yake kama ko?"

"Ta hanci dai."

"Au, sauran jikin ba a tabbatar ba ke nan? Ni fa tausayinki nake ji. Ni mutum ɗaya nake aunawa in sa almakashi, ke sai kin auna mutum dubu sannan ki ce wataƙila suna da kafaɗa."

Sai ta harare shi ta saman tabarau, shi kuma ya ci gaba da taka kekensa yana dariya.

Amma in ana son sanin Auta, sai an san Yayanta. Tana ƙarama mahaifinsu ya rasu, Yaya ya ajiye karatu ya karɓi gonar. Masararsa ce ta kai ta firamare, ta kai ta sakandare, ta raka ta har jami'a. Shi mutum ne mai doka guda a rayuwa: ba ya sayar da hatsi da kaka. Akwai wani sito a bayan gidansa, ginin bulo da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, duk shekara sai ya cika shi da buhuna har su kusa taɓa rufi. Daga sitton nan gidan ke ci har wata kakar ta zagayo: shi, da matarsa, da 'ya'yansu, da tsohuwarsu Inna, da marayun da 'yar uwarsu ta bari. Babu albashi a gidan, babu shago. Abin da ke bayan ƙofar ƙarfen nan shi ne abincin shekararsu.

Ana nan sai cibiya ta fito da wata sabuwar masara. An gwada ta a gonaki dubbai, aikin da sashen bai taɓa yin mai girmansa ba, kuma lambobin a teburin Auta suka sauka. Ta zuba su, ta danna, sai ga taurari uku reras. Ranar har shugaban sashe, wani dattijon Farfesa da ya koyar da ita tun a jami'a, ya fito baranda ya sha lemo da su.

Sai dai akwai abin da tauraro ba ya faɗa, kuma Auta ta san shi sarai, don Farfesan nan da bakinsa ya koya musu a aji. Tauraro yana cewa akwai bambanci, ba ya cewa bambancin nawa ne. In gonakin da aka auna suna da yawan gaske, ko ƙarin cikin tafin hannu ne sai ya haska. Ƙarin da sabuwar masarar ta bayar kuwa, a kan buhu goma bai fi kwano biyu ba. In aka cire tsadar irin, wanda dole a sake saye duk shekara, abin da ya rage wa manomi bai kai ya yi wa matarsa albishir ba. Auta ta ga wannan, ta kuma rubuta shi a layi ɗaya a tsakiyar rahoto. Amma taurari uku taurari uku ne, su aka ɗauka aka kai rediyo.

Ita ma, a gaskiya, sun ɗauke ta. Shekara da shekaru Yaya na tambayarta, "Wai ke Auta, me kuke yi ne a ofishin nan?" ta rasa abin da za ta nuna masa. Yanzu ga aikinta ya zama ƙwaya, ana iya damƙa shi a hannu. Kafin damina ta sayi irin da zai ishi gonar gaba ɗaya, ta sa a bayan mota ta kai masa, har da shafin da taurarin ke jiki. Yaya ya juya takardar, ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Waɗannan 'yan ɗigon su ne aikin naki?"

"Su ne, Yaya. Uku kuwa, ba a wuce uku."

Bakinsa har kunne. Ya manna takardar a bangon falonsa, ya shuka gonar kaf da sabon iri. Tsohon irin da ya ware, matarsa ta kai niƙa. Maƙwabta suka ga haka suka bi sahu, don ai ƙanwarsa ce ke aikin a can, in akwai matsala shi zai fara sani.

Masarar Yaya ta fara fitar da gemu lokacin da wani ɗan siririn fayil ya iso teburin Auta. Ragowar binciken bara ne, ɓangaren ajiya. An so a ga yadda sabuwar masarar ke zama a sito bayan wata da watanni, shi ya sa sakamakon ya makara. Kun san mutane ba sa son baƙo ya leƙa musu wurin ajiyar abinci, balle ya kwance buhu ya auna. Gidajen da suka yarda 'yan kaɗan ne, da ƙyar suka cika shafi ɗaya.

Ta fara karanta su da ido kafin ta zuba a kwamfuta. A gidaje biyu masarar ta zauna lafiya lau. A sauran kuwa ƙwaro ya shige ta, ya mai da cikin ƙwayar gari, har wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi kafin zafi ya ƙare. Tsohuwar masara da ke jingine a gefenta, a sito guda, da maganin ajiya iri guda, ba ta yi asarar da ta kai a yi magana ba.

Ta zuba, ta danna. Babu tauraro. Ta canza hanyar lissafin, ta sake dannawa. Babu. Gidajen sun yi kaɗan, kuma biyun nan da suka tsira sun isa su sa kwamfuta ta ce mai yiwuwa dace ne. Ta zauna tana kallon gefen lambar, wurin fari fat, fanka na nishi a samanta.

Ta ɗauki fayil ɗin ta je ofishin Farfesa. Ya karanta a tsanake, yana shafa gemunsa.

"Kashi ɗaya cikin uku fa, ranka ya daɗe," in ji ta.

"Na gani. A gida nawa?"

Ta faɗa masa.

"To. Ke da kanki, Mai Taurari, in ɗalibi ya kawo miki wannan me za ki ce masa?"

"Zan ce ba a tabbatar ba."

"Madalla."

"Amma ranka ya daɗe, wancan mai taurarin kwano biyu ne. Wannan marar tauraron kuwa abincin wata huɗu ne na gida guda. In ya zamana gaskiya ne fa?"

"In ya zamana ƙarya ne fa?" Bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne. "Sito mai yoyo ɗaya ko biyu sun isa su haifar da wannan lambar. In muka fita muka ce ƙwaro na cin masarar, mutane suka zubar da ita a kasuwa a wulaƙance, baɗi aka auna gidaje da yawa aka ga babu komai, wa zai mayar musu? Kuma wa zai sake yarda da mu? Na sa a nemi kuɗin auna sito ɗari-ɗari baɗi. Kafin nan, kin san inda ake kai irinta."

"Baɗi," in ji ta a hankali.

"Baɗi. Ba mu muka ƙirƙiro dokar don mugunta ba, Malama. Ta tsare mu daga kunya ba sau ɗaya ba."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, babu ƙarya a maganarsa ko ɗaya. Ta koma ofishinta, ta buɗe shafukan ƙarshe, ta kai lambar maƙabarta da hannunta.

Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Yaya kuwa kamar ya sani, kusan kullum sai ya kira.

"Auta! Ki zo ki ga masara. Goyo biyu-biyu! Jiya Sajan ya tsaya a bakin gona ya cire hula ya sara mata."

Sajan maƙwabcinsu ne, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya koma noma, sitonsa na kallon na Yaya, 'yar siririyar hanya ce kawai tsakaninsu. Shi ma sabon irin ya shuka.

"Allah ya sa albarka, Yaya," take cewa, ta yi sauri ta kashe wayar.

Da mijinta ya matsa, ta gaya masa komai a shagonsa wata rana da la'asar, yana zare ɗinkin wata riga. Ya saurara har ƙarshe, ba tsokana.

"To ki gaya masa mana."

"In ce masa me? Ban sani ba fa. Wallahi ban sani ba. Mai yiwuwa babu komai."

"To ki yi shiru."

"In akwai fa?"

Ya cire zaren daga bakinsa. "Madam, kin ba ni yadi kin ce kar in yanka, kar in bari. Ni dai na san Yayanki. In kin je masa da wataƙila, shayi zai ba ki ya tambaye ki lafiyar yara."

Ta nemi buhunan nan masu hana iska shiga, waɗanda ƙwaro ke mutuwa a cikinsu. Ta zagaya shagunan kayan noma na garin, ta samu 'yan kaɗan, waɗanda ko kusurwa ɗaya ta siton Yaya ba za su ɗauke ba. Su ta sa a mota ranar da ta tafi, bayan an gama girbi.

Ta iske tsakar gidan ba wurin taka ƙafa. Masara ce shanye ko'ina, rawaya shar, rana na dukanta. Matar Yaya ta taso da tsintsiya a hannu.

"Ga 'yar boko, ga 'yar boko! Sai da aka gama wahala za ki zo ko? Shigo ki ga aikin taurarinki."

Auta ta gaida Inna a ɗakinta, ta sha ruwa, sannan ta fito ta tsuguna wurin tulin da ba a ɓare ba. Ta ɗauki goyo ɗaya. Ɓawon bai rufe bakinsa ba, kan masarar a waje yake, tsirara. Ta ɗauki wani, haka. Ta ɗauki na uku, haka. Tsohuwar masarar gidansu, ta tuna, ɓawonta har ya wuce kai ya murɗe kamar bakin jaka. Ta ɓare ɗaya ta danna ƙwaya da farce, farcen ya shige ba gardama. Wannan ma ba hujja ba ce, ta gaya wa kanta. Masara mai laushi da yawa tana zama lafiya. Amma sai ta sake ɗaukar wani goyon.

Yaya ya same ta a haka. Ya tsufa, ta lura, wuyansa ya yi jijiya.

"Kina bincike ne har a nan? Ku dai ba kwa hutawa."

"Yaya, ina son magana. Mu je sito."

Siton a share yake, an jera katakan da ake ɗora buhuna, an yayyafa magani a kusurwoyi. Ƙamshin hatsin bara bai gama fita ba. A nan tsaye ta gaya masa: gidajen da aka auna, ƙwaron, kashi ɗaya cikin ukun. Ta ce ya sayar da masarar yanzu tun tana da kyau, ya sayi tsohuwar masara a wurin mutanen hayin kogi da sabon irin bai kai gare su ba, ya cika siton da ita.

Yaya ya maimaita a hankali:

"In sayar. Da kaka."

"Eh, Yaya."

"Kin san yadda 'yan kasuwa ke yi da mai sayarwa da kaka? Kin san yadda za su yi da ni in na juyo ina neman saye? A tsakanin sayarwa da sayen nan kaɗai, buhu huɗu sai ya koma uku. Wannan ba wataƙila ba ce, Auta, wannan na sani."

"Na sani, Yaya."

"Ina sa magani duk shekara."

"Su ma sun sa. Tun a gona yake shiga, ta bakin da bai rufe ba."

"Ke fa kika kawo min irin nan. Ke kika kawo takarda, ga ta can a bango, baƙi na zuwa ina nuna musu."

Ta sunkuyar da kai. Daga waje ana jin matar Yaya na korar kaji daga shanya.

"To," in ji shi, "ni ban yi zurfi a karatu ba, amma na san halinki tun kina rarrafe. Ba kya faɗin abin da ba ki da tabbas. Waccan maganar ta zo da taurarinta. Wannan fa? An tabbatar?"

Kun ga inda aka zo. In ta ce a'a, ta san sauran: zai yi murmushi, ya dafa kafaɗarta, ya karɓi 'yan buhunan da ta kawo don kar ta ji kunya, gobe ya cika siton ya ja ƙofar ƙarfe. Ta tuna fuskar Farfesa, da gidaje biyun da masararsu ta zauna lafiya. Ta tuna Inna da ke ɗaki, da marayun da ke cin abinci kamar fara.

"An tabbatar," in ji ta.

"Taurari nawa?"

"Uku."

Yaya ya juya ya dubi katakan da ya jera, ya sa ƙafa ya gyara ɗaya da ya karkace. Can ya ce, "To," ya fita ya bar ta a ciki.

Bai sake tambayarta ba, kuma wannan ya fi mata ciwo fiye da in da ya yi gardama. Cikin satin motar 'yan kasuwa ta shigo layin. Su kuwa hancinsu ya fi na kowa jin ƙamshin mai gaggawa. Suka taya yadda suka ga dama, Yaya ya tsaya da hannu a baya yana kallo ana loda masarar da ya yi wa hidima damina guda. Mutanen hayin kogi su ma da suka ga manomi kamarsa na neman hatsi da kaka, suka riƙe nasu da ƙarfi. Da aka gama jera abin da ya samu, buhunan ba su kai rufi ba, kuma kusurwar dama gaba ɗaya babu komai sai katako. Yadda ya faɗa haka aka yi, huɗu ya koma uku.

Da yake shi ba mai cin amanar maƙwabta ba ne, sai ya bi su gida-gida ya gaya musu abin da ƙanwarsa ta ce. Wasu suka sayar suna tsaki. Sajan kuwa ya ƙi.

"Ni rediyo na ji," in ji shi, a tsaye a ƙofar gidansa yana riƙe da ƙugu. "Da bakin cibiyar aka ce masarar nan ta fi kowacce. In sun canza magana su dawo rediyo su faɗa. Malama, ba raini ba, amma ni na yi aikin gwamnati, na san magana sai da takarda. Ina takardar?"

Auta ta ce takarda sai baɗi.

"To ni ma sai baɗi," in ji Sajan. Ya cika sitonsa har rufi da sabuwar masara, ya sayo wani ƙaton kwaɗo ya datse. Shi ma irin Yaya ne, ba ya buɗe babban sito sai na cikin gida ya ƙare.

Auta ta koma ofishinta mai taga ɗaya. Aiki ya ci gaba, lambobi na zuwa, taurari na fitowa, ana shan lemo a baranda. Ba wanda ya san ƙarya ta yi a siton, sai mijinta, shi kuma ya daina tsokanarta da kalmar nan tata, don ya ga ita ma ta daina faɗinta. Duk sati takan kira gida. Ta tambayi Inna, ta tambayi yara, ta yi ta zagaye, daga ƙarshe ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Sajan fa? Ya buɗe?"

"Bai buɗe ba," in ji matar Yaya. Wata rana kuma ta ƙara da cewa, "Ni dai na fara rage hannu a awo, Auta. Yayanki ya ce kar a gaya miki. In ba a rage tun yanzu ba, ba za mu ga sabuwa ba. Yaran ne dai ba sa gane lissafi."

Ranar Auta ta kasa taɓa kwamfuta. Wannan rage hannun ita ta jawo shi, da bakinta, a kan lambar da ita da kanta ta binne don ba ta da hujja. In masarar Sajan ta fito lafiya, to ta cire abinci daga bakin marayu a banza, ta kuma sa dattijon da ya raine ta ya karya dokarsa a gaban mutane saboda ƙarya. In kuwa ta fito gari, to ta yi daidai, kuma gidan Sajan, mai mata da jikoki, zai shiga damina da yunwa. Takan ɗaga hannu za ta yi addu'a, sai ta rasa wanne za ta roƙa, ta sauke.

Da zafi ya tsananta ta kasa haƙuri, ta shiga mota ta tafi. Ta isa da rana tsaka, layin shiru, kowa ya shige inuwa. Maimakon ta shiga gidan Yaya ta ƙofar gaba, sai ta bi 'yar siririyar hanyar da ke tsakanin sitocin biyu. Kwanon rufi na ƙara saboda zafi. Ta rage tafiya a daidai ƙofar Sajan. Kwaɗon na nan yadda yake.

A ƙasan ƙofar, a kan dakalin siminti, akwai wani siririn layi na farin gari.

Mai yiwuwa maganin ajiya ne da iska ta turo. Mai yiwuwa farar ƙasar bango ce ke zuba. Ta tsaya a kansa, ba ta tsuguna ba. Abin da ya fara zuwa mata, kafin tausayi, kafin komai, wani daɗi ne mai zafi da ya taso daga cikinta har wuya. Shi ya ba ta tsoro fiye da garin.

"A'a, Malama ce da ranar nan?"

Matar Sajan ce ta leƙo ta kan katanga, da jika a goye, tana murmushi.

"Sannu da zuwa! Shigo ki sha ruwa mana, kin tsaya a rana. Ai kin zo a daidai, na cikin gida ya kusa ƙarewa, maigidan ya ce jibi za a buɗe."